Zangon Abeshe

Kakana ya ce mun sauka ne mu kwana.
Jakunan sun mutu tuni, mangala ta ruɓe,
amma har yau zango ake ce wa unguwar,
mu kuwa ba mu gama kwanan ba.

Na sayi littafi a shagon Abdulƙadiri,
na ja layi a tsakiya:
kalma a hagu, ma'ana a dama.
Inna Tasalla tana tankaɗe,
tana miƙo mini su ɗaya-ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a gero.

Gabas. Na rubuta: inda rana take fitowa.
Ta ce, goge.
Gabas wurin da aka nufa ne, ba a kai ba.
A gidan nan, wanda ya ɗaura niyya
har furfura ta riske shi bai motsa ba,
shi ake ce wa yana da gabas.

Guzuri. Na ce wannan na sani.
Ta yi tsaki, ta nuna adaka da haɓa.
Na wasu ci ake yi a hanya,
namu gadonsa ake yi.

Bara Mudi ya zo daga Kano sayen fata.
Ya ji na ce za ni suk,
ya ji yaro ya ce a ba shi almi,
ya ji an ce Hajo tana lakwal,
sai da ya riƙe ciki don dariya.
Ya ce, wannan ba Hausa ba ce, fate ne.
Inna ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, fate ma da wuta ake yin sa.
Ɗana, mene ne jaji?
Ya ce, garin sojoji.
Zambar fa? Hauya nawa ke cikin ɗari?
Ya ce, hauyar noma?
Ta ci gaba da tankaɗenta.
Ni na ji kunya, ban san ta wa ba.

A ƙasan adakar akwai takardu goma sha ɗaya,
ajami, tawadar ta koma launin goro.
Malam Nomau ne ya tsara hanyar baiti-baiti:
rijiya kaza mai ɗaci,
garin da aka biya fito da turmin zane biyu,
inda aka binne Gambo ba a sa alama ba.
Tun daga tsakiya Larabcin kasuwa ya fara shiga,
kamar yadda gishiri yake shiga miya,
ba ka ganin sa.

A baitin ƙarshe ya ce:
in damina ta ɗauke, sai mu yi...
Nan gara ta ci.
Rami ne ɗan ƙarami, ƙwayar dawa ba ta wucewa.

Inna ta ce gida ne, me kuma zai ce?
Liman ya kai takardar bakin ƙofa, ya juya ta,
ya ce gaba ne, ga ma ƙafar harafin.
Duka biyun sun hau amsa-amon.
Sun yi musu har aka kira la'asar,
shayi ya huce a kofi.

Na buɗe sabon shafi.
A hagu ban sa komai ba.
A dama na rubuta: abin da gara ta ci.

Sai Hajo ta shigo da jakar lakwal,
ta leƙa ta kafaɗata,
ta sa yatsa kan ƙ, ta ce,
wannan me ya sa ya sunkuyar da kai?
Malaminmu ya ce babu shi.
Na ce, ce ƙasa.
Ta ce, ƙasa.
Inna ta kira daga madafa, a kawo mata almi.
Hajo ta ruga, ta kai mata ruwa.